Matatar Gansakuka Ta Haɗin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Kifin Ado

Duk wanda ya taɓa ajiye tankin gilashi na kifin ado ya san gansakuka. Ka kankare ta yau, jibi ta dawo ta lulluɓe gilashi da duwatsu. Amma akwai dabarar da ke mai da ita mai aikin tsabtace ruwa, kuma da kayan da ake samu a shagon masu gyaran famfo ana iya haɗa ta a gida.

Mece ce matatar gansakuka?

Wuri ne da kake ware wa gansakuka da gangan domin ta tsiro: ragar roba mai kaushi, ruwan tanki yana gudana a kanta, haske mai ƙarfi yana dukanta. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin sinadarin amoniya a ruwa, ƙwayoyin bakteriya su mai da ita naitirait, daga nan naitiret. Akwai kuma fosfet da ke shigowa ta abinci. Waɗannan su ne takin gansakuka. Tana girma tana zuƙe su, kai kuma ka kankare ta ka fitar, sai dattin ya bar tankin tare da ita. Cirewar nan ita ce tacewar. Gansakukar da aka bari a kan raga har ta ruɓe, abin da ta ci shi za ta mayar cikin ruwa.

Ba za ta ƙara yaɗuwa cikin tankin ba?

Akasin haka ake gani. Ta kan raga ta fi samun haske da gudun ruwa, don haka ita ke riga cinye takin, ta jikin gilashi kuma ta rasa abinci ta ja baya. Sai dai abin yana ɗaukar makonni, ba kwana biyu ba.

Daga ina dabarar ta fito?

Daga wurin Walter Adey, masanin halittun teku a cibiyar Smithsonian da ke birnin Washington na Amurka. A shekarun 1970 ya yi nazarin murjani a tekun Karibiyan, ya lura cewa gajeriyar gansakukar da ke kan duwatsu, wadda igiyar ruwa ke wankewa kifaye kuma suna kiwonta kullum, tana da babban hannu wajen tsabtar ruwan. Sai ya kwaikwayi wannan a manyan tankunan gidan adana kayan tarihin halittu, ya kuma yi rajistar ƙirƙirar a 1982. Masu tankin ruwan gishiri ne suka fara ɗauka, daga baya masu ruwan daɗi suka biyo.

Iri nawa ake haɗawa a gida?

Biyu ne suka fi yawa. Akwai mai kwararowa: ragar tana rataye a ƙarƙashin bututu, ruwa yana gangarowa a jikinta. Akwai kuma mai kumfa: ragar tana nutse cikin ruwa, kumfar iska tana tasowa daga ƙasa tana gogar ta.

Yaya ake haɗa mai kwararowar?

Ka samo bututun PVC, ka tsaga shi a tsaye da zarto, faɗin tsagar kamar milimita 3, ka toshe bakinsa ɗaya. Ka zura gefen ragar cikin tsagar, ka ɗaure da ɗaurin roba, sannan ka haɗa ɗaya bakin da ƙaramin famfon da ke ɗebo ruwa daga tanki. Ragar ta rataya cikin bokiti ko kwandon roba mai mafita a ƙasa, inda ruwan zai koma tanki da kansa. Wannan na nufin bokitin ya zauna sama da tankin, ko kuma ragar ta rataya a kan ƙaramin tankin tacewa na ƙasa idan kana da shi.

Abu biyu ne ake yawan kuskurewa. Na farko, kaushin raga. Ragar roba irin ta masu saƙar ado ita ake amfani da ita, amma sabuwa sulɓi gare ta, gansakuka ba ta iya riƙe ta. Ka goge ta da haƙoran zarto, gaba da baya, har ta yi ƙaiƙayi a hannu kamar ƙaya. Samfefa kaɗai ba ta isa ba. Ka bar ɗan gefen da zai shiga tsagar babu kaushi, don kada tsiro ya toshe ta. Na biyu, yawan ruwa. Masu wannan aiki suna lissafin kamar lita 50 zuwa 60 a awa ga kowane santimita na faɗin raga. Raga mai faɗin santimita 15 ke nan tana son famfo mai tura wajen lita 800 a awa. Idan ruwan ya gaza, za ka ga yana bin gefe ɗaya, sauran ragar ta bushe.

Girman raga kuwa yawan abincin da kake zuba wa kifin yake bi, fiye da girman tankin. Ga tankin ɗaki mai kifi kaɗan, santimita 10 a kan 10 ya isa farawa.

Mai kumfar fa?

Ta fi sauƙi. Ƙaramin mazubin roba baƙi, ka huda masa ramuka sama da ƙasa, ka manna ragar a cikinsa, ka bi da tiyon iska mai ƙananan huji, wanda ke haɗe da injin iska, ta ƙasan ragar. Ka kifa bakin mazubin a jikin gilashi ta ciki, fitila kuma ta waje tana haskawa ta gilashin. Maganaɗisu ke riƙe su. Ba bokiti, ba fargabar ruwa ya malale a ɗaki.

Ni ita nake ba mutane shawara a duk garin da ake yawan ɗauke wuta. Da zarar famfo ya tsaya, raga mai kwararowa tana fara bushewa, a lokacin zafi cikin 'yan awoyi tsiron ya mutu, aikin wata guda ya lalace. Wadda ke nutse kuwa tana nan jiƙe har wuta ta dawo, kuma injin iska mai batir yana iya riƙe ta.

Wane haske ya dace?

Jan haske na LED mai tsawon zango nanomita 660 shi ne aka fi so, domin sinadarin koren ganye yana kama shi sosai. Idan babu, farin ƙwai mai ɗumin launi ma yana aiki. A kunna kamar awa 16 zuwa 18, a ba gansakukar duhu na sauran awoyin. Ya fi kyau a kunna fitilar matatar da dare lokacin da fitilar tanki take kashe, saboda gansakukar tana sakin iskar oksijin a lokacin da tanki ya fi buƙata.

Don Allah a kula da lantarki. Fitila mai bolt 12 wadda ruwa ba ya shiga ita ce mafi aminci, kuma a bar waya ta yi lanƙwasa ƙasa da soket, yadda ɗigon ruwa zai zuba ƙasa kafin ya kai ga wuta.

Yaushe zan fara girbi?

Makon farko ko na biyu za ka ga yauƙi mai ruwan ƙasa. Kada ka karaya, shi ne share fage. Ka ɗauraye shi a hankali ka mayar. Bayan wasu makonni kore zai fito. Daga nan sai girbi duk kwana 7 zuwa 10: ka ciro ragar, ka kankare da tsohon katin roba a wajen tanki, ka bar ɗan saura a cikin ramukan domin ya sake tsirowa.

Gansakukar ruwan daɗi siririya ce, doguwa kamar gashi, tana saurin tsinkewa ta toshe mafitar ruwa. Shi ya sa masu ruwan daɗi ba sa jinkirta girbi, kuma mafita biyu a bokiti ta fi ɗaya. Launi ma yana ba da labari: baƙi-baƙi mai yauƙi alamar datti ya yi yawa ne, a ƙara haske a yawaita kankarewa, rawaya ko fari a daidai saitin fitila alamar haske ya yi ƙarfi, a ja ta baya ko a rage awoyi.

Kowane tanki ne ya dace da ita?

A'a. Idan tankinka cike yake da shuke-shuken ruwa, za su yi kishiya da ita a kan taki ɗaya, kuma kwararar ruwa da kumfa suna korar iskar kabon da shuke-shuken ke buƙata. Inda take haskakawa shi ne tankin kifayen da ke cinye shuka ko tumɓuke ta, ga yawan kashi, irin su kifin zinariya da kifin da ake kira sikilid na tafkin Malawi.

To zan daina canjin ruwa ke nan?

Za ka rage, amma ba za ka daina ba. Ba ta kwashe dattin da ya kwanta a ƙasan tanki, ba ta kuma mayar da ma'adinan da ruwa ke rasawa. Ka bar matatarka ta soso tana aiki, ka sayi abin gwajin naitiret, ka riƙa aunawa duk mako kafin girbi. Abin da gwajin ya nuna shi zai gaya maka tazarar da za ka iya bayarwa tsakanin canji da canji.