Faɗin abin da aka saba yi a da cikin Turanci: used to da would

Tambaya: Yaya ake cewa "a da nakan yi kaza" da Turanci?

Da used to, sai aikatau ya biyo baya tsurarsa, ba -ed, ba -ing. I used to walk to school na nufin a da nakan tafi makaranta a ƙasa. Mai sauraro zai fahimci an daina. A furuci kuwa "yustu" ake cewa, da sautin s, ba z ba.

Tambaya: To, would fa, ba ɗaya suke da used to ba?

Suna haɗuwa a wuri guda: aikin da ake maimaitawa. Every Friday we would visit my grandmother daidai ne, we used to visit ma haka. Amma would ba ya shiga aikatau na hali ko mallaka, irin su be, have, know, like, live. Ba a cewa I would have a bicycle da nufin na taɓa mallakar keke. Mai ji zai ɗauka sharaɗi ne, wato "da na samu keke". Sai dai I used to have a bicycle. Kuma would na son a fara shimfiɗa masa lokaci, kamar when I was a child.

Tambaya: Korewa da tambaya fa?

Did ya riga ya ɗauke nauyin shuɗaɗɗen lokaci, don haka harafin d na used ke faɗuwa: I didn't use to, Did you use to? A kunne ba bambanci, a takardar jarrabawar WAEC ko NECO akwai.

Tambaya: Zan iya cewa I use to pray at the mosque in nufi yanzu?

A'a. Wannan kuskuren ya yi yawa a Turancinmu, kuma dalilinsa a fili yake: "nakan" na Hausa yana aiki jiya da yau, used to kuwa na da ne kaɗai. Na yanzu shi ne I usually pray.

Tambaya: I am used to kuma mene ne?

Wani gini ne daban, ma'anarsa "na saba da". Suna ko -ing ke binsa: I am used to waking early. Ba wake ba.

Tambaya: Yaushe ne used to da would duka biyun ba sa yi?

In an faɗi sau nawa ko shekara nawa. I went to Kano three times, I lived in Zaria for five years: nan went da lived kawai ake so.