Waiwaye: Yadda aka ɗana wa ƙwayar zarra tarko, aka sanyaya ta da haske

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam, wato ilimin halayyar ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra da haske, maganar kwamfutar kwantam ta shiga bakin ɗalibai. A Samaru za ka ji 'yan Fiziks da 'yan injiniya suna gardama a kanta a teburin mai shayi, kowa na ambaton kamfanin da ya ji an ce ya yi gaba. Ba a cika tambayar abin da ke cikin na'urar ba. A wasu daga cikin mafi inganci, 'yan ƙwayoyin zarra ne ƙalilan aka rataye a tsakiyar tulun ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, ba sa taɓa komai, an kuma sanyaya su har sun kusa daina motsi. Mutanen da suka koya wa duniya wannan aiki ba su da kwamfuta a rai. Awo suke so su yi, abin da za su auna kuma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

A wajen masana Fiziks, zafi motsi ne. Ƙwayoyin iskar da ke cikin ɗaki suna gudun kusan mita 500 a sakan ɗaya, sun ma fi sauti sauri. Kowace irin zarra tana da launin hasken da take haɗiya, kuma daga wannan launi ake karanta abin da ke cikinta. To amma zarrar da ke gudu tana gurɓata karatun, ba ta kuma daɗewa a gaban na'ura. Saboda haka buƙata ta kasu biyu: a tsare ta, a kuma rage mata gudu.

Wajen tsarewar, tun 1842 wani limamin coci masanin lissafi a Ingila, Samuel Earnshaw, ya toshe hanya mafi sauƙi. Ya tabbatar da lissafi cewa duk yadda ka jera cajin lantarki masu tsayawa cik, ba za su riƙe ƙwaya mai caji a tsakiyarsu ba. In ka matse ta ta nan, ta sulale ta can. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai aka samu hanyoyin zagaye wannan hukunci.

Wolfgang Paul na Jami'ar Bonn a Jamus ya fara a 1953. Ƙarfin lantarkin da ke tsakiyar tarkonsa yana da siffar sirdi: ta gaba da baya ya yi tudu, ta gefe biyu ya gangara. Ƙwallon da aka ɗora a tsakiyar sirdi zai gangara gefe. Amma idan aka riƙa juya sirdin da saurin da ya dace, kafin ƙwallon ya yi nisa gangaren ya zama tudu ya maido shi. Paul da kansa ya ƙera irin wannan sirdi mai juyawa da ƙwallon ƙarfe don ya nuna wa mutane. A tarkon gaske ba abin da ke juyawa, wutar ce ake sauya wa fuska sau dubbai ko miliyoyi a sakan. Wannan dabara ta daɗe da isowa gare mu ba mu lura ba. Ɗakin gwajin da ke da na'urar GC-MS, wadda ake neman ragowar maganin ƙwari a wake ko hatsi da ita, a Zariya ne ko a wani gari, akasari sanduna huɗu na Paul ne a cikinta suke tace ƙwayoyi bisa nauyinsu.

Hanya ta biyu ta Hans Dehmelt ce, Bajamushen da ya koma Jami'ar Washington a Seattle. Shi ya bar wutar a tsaye, ya ƙara maganaɗisu mai ƙarfi wanda ke tilasta wa ƙwayar ta riƙa zagaye maimakon ta tsere. Ya gina na farko a 1959, ya sa masa sunan Frans Penning, ɗan Holan ɗin da na'urarsa ta auna iska ta ba shi wannan tunani. A 1973 shi da David Wineland da Philip Ekstrom suka kama ilektaron guda ɗaya tak. Daga baya rukuninsa ya riƙe fositaron ɗaya, wato kishiyar ilektaron, mai irin nauyinta amma cajinta akasin nata, har wata uku, Dehmelt ya kuma raɗa mata suna Priscilla. Ba don nishaɗi aka yi wannan wahala ba. A 1987 awon maganaɗisun ilektaron da suka fitar ya zama gwaji mafi tsauri da aka taɓa yi wa wata ka'idar Fiziks a lokacin. Paul da Dehmelt suka raba rabin kyautar Nobel ta 1989, ɗaya rabin ya tafi ga Norman Ramsey.

Don a san girman abin: a 1952 Erwin Schrödinger, ɗaya daga cikin iyayen ka'idar kwantam, ya rubuta cewa ba a taɓa yin gwaji da ilektaron ɗaya ko zarra ɗaya ba, sai dai a zuci. A 1980 rukunin Peter Toschek a Heidelberg ya ɗauki hoton zarrar bariyam mai caji guda ɗaya tana walƙiya a cikin tarkon Paul. A 1986 rukuni uku daban-daban suka ga zarra ɗaya tana haske, ta ɗauke, ta dawo, wato tana tsalle daga mataki zuwa mataki, abin da Schrödinger ɗin bai taɓa yarda da shi ba.

Saura sanyi. Hankali ya fi karkata ga cewa haske dumama abu yake yi, shi ya sa shawarar 1975 ta zo wa mutane a baibai. A shekarar, Theodor Hänsch da Arthur Schawlow a gefe guda, Wineland da Dehmelt a ɗaya gefen, suka ce leza za ta iya sanyaya zarra. Ga yadda abin yake. Duk ƙwayar hasken da zarra ta haɗiya tana ɗan ture ta. Ga zarrar sodiyam, turawa ɗaya tana sauya gudunta da kusan santimita 3 a sakan. Kaɗan ne, amma zarrar tana iya haɗiya ta amayar sau miliyoyi a sakan ɗaya. Dabarar ita ce a saita lezar ƙasa kaɗan da launin da zarrar ke so. Zarrar da ke tunkarar hasken tana ganin kaɗawarsa ta ƙaru, ya dace da ita, sai ta haɗiya, gudunta ya ragu. Wadda ke gudu daga hasken ba ta kula shi. In aka haska ta fuska shida, duk inda ta nufa akwai mai taka mata birki. A 1978 aka gwada a kan ƙwayoyi masu caji, Wineland a garin Boulder na Amurka da magnesiyam, 'yan Heidelberg da bariyam, abin ya yi.

Zarrar da ba ta da caji ta fi wuyar sha'ani, don lantarki ba ya kama ta. William Phillips da Harold Metcalf suka rage wa sodiyam gudu a 1982. A 1985 Steven Chu da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka haɗa haske shida, suka kai kusan kashi 240 cikin miliyan na digirin Kelbin ɗaya. Ma'aunin Kelbin yana farawa ne daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A 1987 aka haɗa hasken da maganaɗisu, bisa shawarar Jean Dalibard na Faransa, aka samu tarkon da har yau shi ne jakin aikin wannan fanni.

Wurin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne 1988. Lissafin da kowa ya amince da shi ya ce 240 ɗin nan ita ce iyaka, ba a wuce ta. Rukunin Phillips ya auna, ya ga kusan 43. An saba gwaji ya gaza kai wa abin da ka'ida ta yi alkawari, ba a saba ya zarce ta ba. Ba su yi gaggawar shela ba, ba su kuma gyara lambar don ta yi daidai da littafi ba. Suka sake awon ta hanyoyi daban-daban, amsar ba ta sauya ba, sannan suka buga. Dalibard da Claude Cohen-Tannoudji, haifaffen birnin Constantine na Aljeriya, suka gano dalili: ka'idar farko ta ɗauki zarra a matsayin mai matakai biyu kawai, alhali matakan sun fi haka, kuma hasken yana sa ta hawan tudu bayan tudu tana zubar da ƙarfi. Ɗalibin da ke rubuta rahoton gwaji da amsar littafi a gefensa ya kamata ya san wannan labari. Chu da Cohen-Tannoudji da Phillips suka karɓi Nobel a 1997.

Haske ma yana da inda yake tsayawa. Matakin ƙarshe kuwa duk matar da ke da randa a gida ta san shi. Ruwan randa yana sanyi ne saboda ƙwayoyin da suka fi zafi su ne ke tsatsowa su bi iska, na baya su rage da sanyi. Haka aka yi wa zarra: aka kashe lezar, aka riƙe su da maganaɗisu kaɗai, aka riƙa rage bakin tarkon a hankali masu zafin suna ficewa. Ranar 5 ga Yuni 1995, Eric Cornell da Carl Wieman a Boulder suka kai zarrar rubidiyam kusan 2,000 zuwa kashi 170 cikin biliyan na digiri. A nan zarrorin suka daina zama ɗai-ɗai, suka haɗu a yanayin kwantam guda, abin da Einstein ya hango shekara 70 kafin nan bisa aikin Satyendra Nath Bose na Indiya. Wolfgang Ketterle na jami'ar MIT a Amurka ya yi nasa da sodiyam bayan 'yan watanni, su ukun suka samu Nobel a 2001.

Riba ta farko agogo ce. Tun 1967 ma'anar sakan ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta zarrar siziyam, kuma agogunan da ake daidaita lokacin duniya da su a yau siziyam mai sanyin leza suke cillawa sama ya faɗo a hankali ana aunawa. A 2010 rukunin Wineland ya ɗaga agogon zarrar alminiyam ɗaya da santimita 33 kacal, ya ga gudun lokaci ya sauya kamar yadda Einstein ya faɗa. A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, tarkon Penning ne ke riƙe kishiyar furoton. A 2010 aka kama kishiyar haidurojin guda 38, a 2023 aka nuna cewa in an sake ta ƙasa take faɗawa kamar kowane abu. Kwamfutar da ake ta magana a kai ta shigo ne a 1995, lokacin da Ignacio Cirac da Peter Zoller suka lura cewa ƙwayoyin da aka jera a tarkon Paul za su iya lissafi, Christopher Monroe da Wineland suka gwada matakin farko a shekarar. Wineland ya raba Nobel ta 2012 da Serge Haroche, haifaffen Casablanca ta Maroko.

Ban da CERN, kusan duk abin da aka lissafa a nan a kan tebur aka yi shi, mutum uku zuwa goma a ɗaki ɗaya. A ganina wannan ya shafi Zariya kai tsaye. Garin da cibiyar binciken makamashi, CERT, ta Jami'ar Ahmadu Bello ke tafiyar da tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, tun 2004, ba za a ce tarkon zarra ya fi ƙarfinsa ba. Tun 1990 rukunin Wieman ya nuna za a iya ɗana tarkon haske da maganaɗisun nan a ƙaramin tulun gilashi da leza irin ta na'urar faifan CD, a 1995 kuma suka buga yadda ɗaliban digirin farko za su haɗa nasu da rubidiyam. Abin da aikin ke ci ba kuɗi kaɗai ba ne. Yana son wutar da ba ta ɗaukewa, ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka tsakanin bazara da hunturu, madubin da ƙura ba ta kwanta a kansa ba, da ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji da ya iya lantarki da ƙira, wanda ake biya da kyau har ya zauna. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa idan ana rubuta takardar neman tallafi.

Akwai ma matakin da ke ƙasa da wannan. Tarkon Paul ba dole sai da zarra ba, yana kama ƙura mai caji a cikin iskar ɗaki, ba sai an zuƙe komai ba. Zoben ƙarfe, taransifoma mai ɗaga wutar gida mai kaɗawa 50 a sakan zuwa dubban bolt, rizisto mai girma da zai tare wutar don kada ta kashe mutum, da ƙaramar leza ta nuni, sun isa ɗalibi ya ga ƙwayar ƙura a rataye tana rawa da idonsa. Ana amfani da shi wajen koyar da darasin a jami'o'i, kuma lissafin da ke riƙe ƙurar shi ne dai wanda ya riƙe bariyam ɗin Heidelberg. Wutar tana da haɗari, saboda haka aiki ne na ɗakin gwaji a gaban malami, ba na ɗakin kwanan ɗalibai ba.