Umarnin tashi kafin guguwa a Florida: da gaske ana ɗaure wanda ya ƙi fita?

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa ke nan a gaɓar tekun Amurka, kuma da zarar an ce wata ta doso Florida sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp tsakanin masu 'yan uwa a can. Wannan ya ce 'yan sanda na bi gida-gida suna kame, wancan ya ce sai an bar jihar gaba ɗaya. Akwai kuma masu cewa ba gaggawa, a kai kaya sama, in ruwa ya shigo a hau bene, in ya ƙaru sai a san abin yi. Duka ukun ba su fahimci dokar ba, amma na ƙarshen ne ke kashe mutane.

Dokar agajin gaggawa ta jihar, babi na 252, ta ba gwamna ikon tilasta wa jama'a barin wurin da ke cikin haɗari, a aikace kuma gundumomi ne ke ba da umarnin. An kasa yankunan bakin teku rukuni-rukuni, daga A zuwa gaba, bisa yadda ruwan teku zai iya kai musu. Masu zama a gidajen tafi-da-gidanka kan shiga umarnin farko ko a ina suke.

Ruwa ake gudu, ba iska ba. Guguwar kan turo teku kan tudu, kuma lokacin guguwar Ian a Satumban 2022 tsayin ruwan ya kai kusan mita huɗu da rabi a Fort Myers Beach. Don haka abin da ake nema shi ne ka fita daga rukunin da aka kira. Tafiyar kilomita 20 ko 30 zuwa gidan aboki a kan tudu, ko makarantar da aka mayar mafaka, ta wadatar. Hukuma ma ba ta son kowa ya kama dogon titi. A Texas, cunkoson masu gudun guguwar Rita a 2005 ya ci rayuka kusan ɗari.

Sai batun hukunci. Sashe na 252.50 ya ce karya umarnin gaggawa ƙaramin laifi ne mai daraja ta biyu, wato ɗaurin da bai wuce kwana 60 ba, ko tarar da ba ta wuce dala 500 ba, ko duka. Yana nan a rubuce, amma da wuya ka ji an gurfanar da wani don ya zauna a gidansa. 'Yan sandan da ke fama da tituna ina suka ga lokacin jan mutum daga falonsa?

Hukuncin gaske ba a kotu yake ba. Iska na kaiwa kimanin kilomita 65 a awa ake rufe manyan gadoji irin su Sunshine Skyway, motocin asibiti da na kashe gobara kuma su koma ma'ajiyarsu har sai ta lafa. Ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa, a ɗauka, a rubuta sunanka, amma ba mai zuwa. Mai shirin tafiya kaɗan-kaɗan yana zaton hanyar da ya gani da safe za ta jira shi zuwa yamma. Abin da ya sa ke nan magajiyar garin Tampa, Jane Castor, ta faɗa wa mutane ƙarara kafin guguwar Milton a Oktoban 2024 cewa wanda ya zaɓi zama a yankin da aka ce a tashi, mutuwa zai yi.

Ni dai inda dokar ta ɗan tsaya mini a rai shi ne, ta ɗauka kowa na da mota da kuɗin mai da na otal. Gaskiya ana buɗe mafaka kyauta, ana dakatar da kuɗin titi, amma mai aikin awa-awa da ke tsoron a sallame shi fa? Texas ta hana a kori ma'aikaci don ya bi umarnin tashi, ko da yake ita ma tun 2009 ta ce wanda ya ƙi fita har aka je ceto shi, ana iya bin sa kuɗin ceton. Ita kanta hukuma takan makara: a gundumar Lee ta Florida, kwana ɗaya kacal kafin Ian ta sauka aka ba da umarnin.