Ruwa da banɗaki a zangunan Akra: tambayoyi da amsoshi

Akra, babban birnin Ghana, na bakin teku, ga koguna kusa. Me ya sa ruwa ke wahala a unguwannin Nima, Mamobi da Madina?

Yawancin ruwan famfon birnin daga wuri biyu yake zuwa: Weija, a kan kogin Densu, da Kpong, a kan kogin Volta. Gari ya yi ta faɗaɗa, bututu bai bi shi ba, shi ya sa ake raba ruwan bi-da-bi, wata unguwa ta samu yau, wata sai bayan kwanaki. A 2015 an buɗe injin tace ruwan teku a Teshie, amma bai kashe ƙishin ba. Jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ke jere a ƙofar kowane gida, har suna gare su, galan ɗin Kufuor, tun ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin mulkin shugaban ƙasa John Kufuor.

Wa ya fi biyan kuɗin ruwa da tsada?

Talaka, kuma wannan ne ke ci mini rai. Mai famfo a gida yana biyan abin da mita ta nuna. Wanda ba shi da shi kuwa a hannun mai tanki zai saya, shi ma mai tankin daga motar ruwa ya saya, kowa ya ɗora ribarsa. Ga kuɗin ruwan leda na sha. Ga yarinyar da za ta yi sawu uku da jarka a ka kafin ta sa kayan makaranta.

To mene ne haɗin banɗaki da wannan magana?

Nan ne gizo ke saƙar. Gidajen haya da yawa a zango ba su da banɗaki, a wasu ma an mayar da shi ɗaki don a ƙara ɗan haya. Sai gida mai ɗaki goma sha biyu ya dogara da banɗakin gwamnati na biya. Ka je bayan sallar asuba ka ga layi: dattijo da butarsa, mai tsohon ciki ta dafa bango, yaro yana matse ƙafa. Wannan da safe ke nan. Idan gudawa ta kama yaro da ƙarfe biyun dare fa? Leda ce, sai kwata.

Ruwan sama ya zo ya kwashe, ya bi ta kogin Odaw zuwa tafkin Korle, kafin nan ya shiga tsakar gidajen mutane. Abin da da yawa ba su lura da shi ba: ƙananan bututun ruwa na ratsa cikin kwatocin nan, wasu a fashe, an ɗaure da roba. Ranar da aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, ƙazanta na iya tsotsewa ciki, ta fito a famfo ranar da ruwa ya dawo. A 2014 kwalara ta kama mutane fiye da 28,000 a Ghana, ta kashe sama da 240, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki.

An yi wani abu kuwa?

An yi. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don ruwa da tsafta a Akra da kewaye, inda ake rage wa masu gida kuɗin gina banɗaki irin wanda ke narkar da bayan gida a ɗan akwatin siminti, ba ya cin wuri. A 2020 aka kai shirin Kumasi. A 2016 kuma aka buɗe wurin sarrafa bayan gida a Lavender Hill, inda motoci suka shekara suna juyewa cikin teku.

Me ke canzawa idan gida ya samu ruwa da banɗaki duka biyun?

Yaro ya rage gudawa, abincin da ya ci ya zauna a jikinsa, ya yi girma yadda ya kamata. Kuɗin magani da na layin banɗaki su koma tukunya. Mace ta daina ƙin shan ruwa da yamma don gudun fita da dare, budurwa ta yi kwanakin al'adarta cikin sutura. Tsarki da alwala ma su zo da sauƙi. Ni a ganina, maigidan da ke karɓar kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule ba shi da uzurin barin 'yan haya babu banɗaki, kuma ya dace limamai su faɗi haka a kan mumbari.

Kafin a kai ga haka, me uwa za ta yi yau?

A wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci, ruwan buta kaɗai bai isa ba. A ajiye ruwan sha a mazubi mai murfi, kada a riƙa tsoma kofi da hannu. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs. Idan gudawa ta fara, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. In ta zama kamar ruwan shinkafa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.