Komyuteshan a kwantum, wai me ake nufi ne?

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, wato kimiyyar ƙananan abubuwa irin su atam, kalmar ta zama ruwan dare, har masu tallan magani a rediyo suna da "injin kwantum", ka riƙe ƙarfe minti ɗaya ya ce hantarka ta kusa tashi aiki. Su ban damu da su ba, neman abinci ne. Masu digiri ne ke ba ni haushi, wai kwantum ya nuna babu abin da ke da tabbas a duniya. Haba malam.

Tushen zancen komyuteshan ne, daga Latin aka samo kalmar, ma'anarta musanya. 3 sau 5 da 5 sau 3 duk 15 ne. A kwantum kuwa duk abin da za a auna, kamar wurin da elektiron, ɗan ƙwayar nan da ke cikin atam, yake ko ƙarfin tafiyarsa, ofareta ne ke tsaya masa, ba na injin niƙa ba fa, wani aiki ne da ake yi wa lissafin, kuma aiki biyu ba dole ne su yarda a musanya su ba.

Gwada da wayarka. Kwantar da ita kan tebur fuska sama, ka miƙar da ita tsaye tana kallonka, sannan ka juya ta kwata a tsayen, kamar hannun agogo in ka leƙo ta sama, za ta tsaya tana kallon hagunka. Yanzu sake kwantar da ita ka fara da juyin kwatan tukuna, sannan ka ɗago ta kamar ɗazu, sai ga ta a kishingiɗe tana kallonka. Aiki iri ɗaya, na farko kawai ya koma na biyu.

Abin da ya ɗaure wa Heisenberg, masanin kimiyya ɗan Jamus, kai ke nan a tsibirin Helgoland a 1925, sai malaminsa Max Born ya gane ai matiris ne, wato jadawalin lambobi da ba dole ne ya yarda da musanya ba, shi da abokin aikinsa Jordan suka rubuta pq − qp = h/2πi, inda q ke nufin wuri, p kuma ƙarfin tafiya, ma'ana pq ba daidai yake da qp ba. Daga nan ƙa'idar rashin tabbas ta 1927 ta fito, mai cewa ba a sanin wuri da ƙarfin tafiya daidai-wa-daida a tare, kuma awon da ba sa musanyuwa kaɗai ta shafa, wuri ta gabas da wuri ta arewa ai lafiya lau ake sanin su tare. Shi h ɗin ma, lambar da ake kira ta Planck, ƙanƙani ne ƙwarai, kusan 6.6×10⁻³⁴ J·s, shi ya sa ba ka ganin abin a jikin adaidaita sahu.

Heisenberg ya karɓe Nobel ɗin 1932, Born sai 1954, amma lissafin na nan rubuce a dutsen kabarin Born a Göttingen ta Jamus.