Ƙugi, Zafi da Girgiza a Amfilifayar Bawul

Amfilifayar bawul na'ura ce ta ƙara ƙarfin sauti da ke aiki da kwalaben gilashi waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu, su ake kira bawul. Ƙugi da zafi da girgiza ne manyan cututtukanta.

Tarihi

John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙera bawul na farko a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa 'yar ragar waya, wadda daga baya ta ba da damar ƙara ƙarfin sauti. Kamfanin RCA ya fitar da bawul samfurin 6L6 a 1936, sai samfurin 12AX7 wajen 1947, shekarar da aka ƙirƙiro taranzista, 'yar na'urar da ke aikin bawul ba tare da kwalba ba. Samfurin EL34 ya yaɗu ne a cikin shekarun 1950. Tun daga shekarun 1960 taranzista ta fara kore bawul daga kasuwa, ya rage a hannun makaɗan jita da masu sha'awar tsohon sauti.

Ƙugi

Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙugi mai kauri a wannan mizani yakan fito daga wayoyin dumama bawul masu bolt 6.3, ko daga maganaɗisun taransifomar wuta. Ana murɗe wayoyin biyu kamar igiya, a kwantar da su jikin ƙarfen akwatin nesa da wayar shigar sauti, sannan a ja razista (mai rage gudun wuta) mai om 100 daga kowacce zuwa ƙasa, wato wayar 'earth'. Taransifomar wuta da ta lasifika ana giciye su, kada su kalli gefe guda.

Idan ƙugin ya fi siranta, sau 100 a daƙiƙa, galibi kafasitocin tace wuta, wato ma'ajiyar caji, ne suka bushe, sai sauyi. Sukan riƙe fiye da bolt 400 ko bayan an zare filogi, don haka sai an sauke cajinsu ta razista kafin a sa hannu. Wayoyin ƙasa kuwa wuri ɗaya ake tara su.

Zafi

A Birnin Kebbi da Gusau zafin bazara kan wuce digiri 40, ga kuma EL34 guda da kan ƙona har wat 25 a farantinsa, wato ƙarfen da ke cikin kwalbar, ban da kusan wat 9 na dumama. Ƙarin digiri 10 kan rage kusan rabin kwanan kafasita. Magyara kan saita bawul a kusan kashi 70 cikin 100 na iyakarsa. Faranti ya yi ja, a kashe nan take. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, wutar janareta mai hawa da sauka kuma na gajarta ran bawul. Ba a kunna na'urar babu lasifika, domin taransifomar lasifika na iya ƙonewa.

Girgiza

Don gano mai girgiza, ana ƙwanƙwasa bawul a hankali da fensir. Wanda ya yi amo a lasifika, kayan cikinsa sun saki, an fi ganin haka a bawul ɗin da sauti ke fara shiga. Amfanin zoben roba mai jure zafi da ake zura masa don rage girgiza, masana ba su daidaita a kai ba.