Aure ko tallafi: yadda dokar Amurka ta sa masu nakasa a tsaka mai wuya

A Amurka akwai masu nakasa da suka daɗe suna son juna, iyaye sun amince, komai ya kammala, amma sun kasa zuwa a ɗaura, sabida ranar da aka ɗaura ranar ce kuɗin tallafinsu zai ragu ko ma ya yanke gaba ɗaya. Abin ya samo asali ne tun 1972 lokacin da shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta kafa SSI, tallafin wata-wata na gwamnatin tarayya ga tsofaffi da makafi da masu nakasa marasa hali, aka fara biya a Janairun 1974. Kafin nan kowace jiha da irin nata tsarin.

Shi SSI sai an auna abin hannunka kafin a ba ka. Da farko mutum ɗaya kada ajiyarsa ta wuce dala 1,500, ma'aurata dala 2,250, banda gidan da kake ciki da mota. Aka riƙa ɗan ƙarawa har ta kai dala 2,000 da 3,000 a 1989, to daga nan fa shikenan, ba a sake taɓawa ba duk da tsadar rayuwar da aka yi ta sha. Ka lura tun a nan ma an tauye ma'aurata, mutum biyu da kowa ke da damar ajiye 2,000 suna yin aure sai ta koma 3,000 su biyun. Haka kuɗin wata, a 2025 mutum ɗaya dala 967 ne mafi yawa, ma'aurata kuma 1,450, wato dala 484 ta tafi duk wata, wai hujjar ita ce tukunya ɗaya ta fi biyu sauƙi. Amma ai maganin kowa daban, keken kowa daban.

In kuma wanda ka aura lafiyayye ne yana aiki, nan ne abin ya fi muni, domin hukuma za ta lissafa wani ɓangare na albashinsa da ajiyarsa kamar naka ne, ko yana ba ka ko baya ba ka. Kuma a yawancin jihohi SSI ne ƙofar shiga Medicaid, inshorar lafiyar da ke biyan mai kula da zai zo da sassafe ya ɗaga mutum daga gado, ya yi masa wanka, ya sa masa kaya, ya ɗora shi a keke. Wannan hidimar albashin talaka baya ɗaukarta wallahi, inshorar wurin aiki ma galibi bata biya. Ni abin da ya fi damuna shi ne matar da a da take da ɗan kuɗinta a asusunta, yanzu ko sabulu sai ta roƙa, to in mijin ya zamo azzalumi da me za ta fita, ina za ta je? Ko ba a ɗaura ba ma, in kuna gida ɗaya kuna nuna wa jama'a ku miji da mata ne, dokar SSI ta ɗauke ku ma'aurata, shi ya sa wasu ke tsoron ko kiran juna mijina ko matata a gaban mutane.

Akwai wani tallafin daban da aka faro a 1956, na waɗanda suka nakasa tun suna yara, ana biyansu ne ta haƙƙin aikin iyayensu, shi ma aure na yanke shi. A 1958 aka sassauta cewa in ka auri mai karɓar irin wannan kuɗin na Social Security, wato tsarin fansho da inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ba za a yanke ba. Wani mai suna John Jobst ya auri mai nakasa irin tasa wadda bata karɓa, aka yanke masa, magana ta kai kotun ƙoli, a 1977 alƙalan gaba ɗayansu suka ce majalisa na da ikon ɗaukar aure a matsayin alamar mutum ya daina dogaro da iyaye.

Gyaran da aka samu kaɗan ne. A Disambar 2014 Obama ya sa hannu a dokar ABLE, asusu na musamman da mai nakasa zai iya tara har dala 100,000 ba tare da ya taɓa SSI ɗinsa ba, da farko sai wanda nakasarsa ta fara kafin shekara 26, daga 2026 aka ɗaga zuwa 46. Ya taimaka gaskiya, sai dai bai hana a lissafa albashin miji ko mata ba. A 2022 ɗan majalisa Jimmy Panetta ya kawo ƙudirin da zai bar waɗanda suka nakasa tun yarinta su yi aure ba a yanke musu ba, a 2023 kuma sanatoci Sherrod Brown da Bill Cassidy, ɗaya Dimokurat ɗaya Rifablikan, suka nemi a maida ajiyar dala 10,000 ga mutum ɗaya, 20,000 ga ma'aurata, wanda da ya share bambancin ajiyar nan baki ɗaya. Duka biyun wa'adin majalisar ya ƙare ba su zama doka ba.